SHAIDAR HAFIZA

Shafi na 23

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun shekaranjiya, na gan ku. Ku a birni kuke, sabis na bin ku har makewayi. Ni nan Sabon Birni sai na hau soron maƙwabta na ɗaga waya sama kafin in kamo na Nijar, shi ma ya zo ya tafi yadda ya ga dama. Don haka a bi ni a hankali.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke. Kwana goma sha ɗaya da suka wuce 'yan bindiga suka faɗa wa Tungar Marke, wata 'yar tunga tsakanin Gatawa da Turba. Suka kashe mutum huɗu, cikinsu har da Fatihu, ƙanen Hafiza. Suka kore shanun gari kaf. Illo, Bafillacen da mutanen gari suka damƙa wa kiwon shanunsu shekara ashirin, shi ma ranar aka neme shi aka rasa. Jiya 'yan sa-kai suka ci karo da shi yana fitowa daga daji da shanu goma sha huɗu, kowace da tsagar kunnen mai ita. Suka ce ga ɓarawo ga kaya. Shugaban 'yan sa-kan kuwa Kamalu ne, yayan Hafiza uwa ɗaya uba ɗaya. Yanzu haka Illo na ɗaure a gindin durumin ƙofar Maigari. Abin da Maigari ya iya roƙar masa kawai shi ne a jinkirta zuwa azahar, daga nan a fita da shi bayan gari. Wanda aka fita da shi bayan gari kuwa ba ya dawowa.

To, mu je.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Hafiza ta sunkuci jarka ta ce ruwa za ta ɗebo. Ba ta nufi famfo ba. Tsohuwar rijiya ta nufa, wadda ke bayan makabarta, wadda ko awaki sun daina zuwa.

Can Gwaggo Tumba take.

Gwaggo Tumba ba mutum ba ce, kada wani ya sake tambayata. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, da baƙin zanen saƙi da tsagar Gobirawa har kunne, inuwarta ba ta sauka ƙasa. Ta ce tana bakin rijiyar nan tun ganuwar Alkalawa na tsaye. Ba mai ganinta sai Hafiza, tun ranar da Hafiza tana 'yar shekara tara ta faɗa cikin rijiyar ta fito ko ƙwarzane babu. Ga ta da baƙar magana, in ta yaɓa maka ɗaya sai ka kwana kana juya ta.

Hafiza ta tarar da ita tana tsintar irin gero a faifai. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta zube ta fara roƙo. Ta ce Gwaggo ta taso da guguwa ta watsa taron. Ko ta rufe idon masu gadi. Ko ta ɗauke Illo cak ta dire shi Maraɗi wajen iyalinsa. Kome dai, ita dai kada azahar ta same shi a gindin durumin nan.

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce guguwa ba wuya, amma da ta lafa za a ce Bafillace ya yi tsafi ya ɓace, gobe da safe kuma 'yan sa-kai su bi sauran rugage har Kamarawa suna cinna wuta. A ceci mutum ɗaya a kashe arba'in, wannan ba ceto ba ne.

"To ki hito ki gaya musu gaskiya, Gwaggo. Ke kin ga komi."

Tsohuwa ta yi 'yar dariya ta hanci.

"Wa ya taɓa karɓar shaidar irina? Shaida ta ɗan Adam ce. Garin ga kuwa mutum guda ya san inda Illo yake ranar nan. Ga ta gabana da jarka ba ruwa."



Yanzu za ni faɗa muku abin da na daɗe ina ɓoye muku, masu cewa Hafiza ta cika shiru kwanan nan.

Ranar da aka kawo harin, Hafiza ba ta cikin gari. Saniyar babansu, marigayi Malam Abu, wanda aminin Illo ne, ta haihu a hannun Illon, to da sassafe ta tafi ruga karɓo nasu rabon na nono. Da can Habi matar Illo ke kawowa har gida, amma tun bayan girbi ya tsallakar da ita da yara Nijar saboda halin da ake ciki, ya rage shi kaɗai da shanu. Yana cikin zuba mata nono a ƙwarya suka ji ƙugin babura.

Makiyayi in ya ji haka, shanu yake fara kora. Illo bai yi ta kansu ba. Ya tura Hafiza cikin ramin da ake ɗibar ƙasar gini, ya jawo tarin karan dawa ya rufe ta, shi ya kwanta cikin geza kusa da ita. Yana kallo aka kore kiwon shekara ashirin, bai motsa ba, don in ya motsa za a gano ramin. Mutanen nan ba su bar wajen ba sai da rana ta faɗi, hanya kuma ba ta biyuwa. A bukkarsa ta kwana, shi yana zaune waje da sanda. Da gari ya waye ya rako ta har gefen gonaki, ya ce mata shi zai bi sawun shanu, amanar mutane ce, kuma sun san muryarsa.

Ta shigo gari ta tarar an riga an rufe Fatihu. Ta tarar ba abin da ke fita bakin kowa sai Fulani, Fulani. Mijinta Nura ya tare ta ido jajir ya ce ina ta kwana. Sai bakinta ya riga ta. Ta ce cikin kwari ta ɓuya, ita kaɗai.

Kada ku yi saurin zaginta. Matar aure, ta kwana a rugar namijin da matarsa ba ta nan, a kwanan da aka kashe ƙanenta. A garinmu wannan suna biyu gare shi: ko a ce mata infoma, ko a ce mata abin da ba za ni rubuta ba. Ga 'ya'ya biyu ƙanana. Ga dangin miji masu baki kamar reza.

"Tsoro nike ji, Gwaggo."

"Madalla. Da kin ce ba ki ji, da na ce kin zare."

Sai ta ajiye faifan ta ba ta labari. Ta ce zamanin da ake yaƙi da doki da mashi, mayaƙa sun sha tsayawa shan ruwa a rijiyar nan, layu har wuya, kowa na faɗin maza nawa zai kayar. Wata rana aka karya su, suka biyo ta nan a guje, ba wanda ya waiwayi wani. A bayansu akwai wani mai jakin gishiri, matsoraci na bugawa, ko kare ya yi haushi sai ya tsuguna. Shi ne ya ji nishin wani da aka bari da kibiya a cinya, mutumin da bai ma san sunansa ba. Ya tsaya nan, gwiwoyinsa na karo da juna har ana ji. Ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo. Daga ƙarshe ya sauke gishirin ya koma ya ɗauko shi, yana tafe yana kuka don tsoro.

"Masu layun nan duk na mance kamanninsu," in ji Gwaggo. "Shi kuwa har gobe ina ganin hancinshi na yoyo. Bai jira tsoro ya sake shi ba, ɗiyata. Da shi ya tahi."

Hafiza ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce to in ta faɗa, aurenta ya mutu, sunanta ya ɓaci, sannan kuma aka ƙi yarda aka kashe shi duk da haka fa? Ta yi biyu babu ke nan.

Gwaggo ta nuna mata gabas da haɓa. Can cikin gona wani dattijo ne shi kaɗai da sungumi, yana sara yana jefa iri yana takewa. Binne yake yi, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Sama kuwa fes, ko gizagizai babu.

"Wa ya yi mishi alkawalin ruwa? Wata shekara tsuntsu ya tone. Wata shekara zahi ya ƙone iri, ya sake. Amma ranar da ruwa ya zo, nashi na cikin ƙasa. Ke naki na cikin bakinki, kin rufe."

"Ke kin san yadda za ta ƙare?"

"Daɗewa na yi, ban san gaibu ba."

Hafiza ta roƙe ta ko rakiya ta yi mata, ta tsaya bayanta ko ba mai gani. Gwaggo ta ce iyakarta bakin rijiyar nan, ko taki ɗaya ba ta wucewa. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, sannan ta bi ta da harara ta ce ta gyara ɗaurin zanen nan, kada ta je gaban maza ya kwance a shiga uku sau biyu.

Cikin kuka Hafiza ta yi dariya. Ta tamke zane. Jarkar ma nan ta bar ta.

Ƙofar Maigari ta cika maƙil. Dattawa kan tabarmi, matasa tsaitsaye da bindigogin toka da adduna. Shanun goma sha huɗu na turke gefe, duk sun rame, kawunansu na fuskantar durumi. Illo kuwa ba kyan gani. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe, leɓe ya fashe, riga ta zama tsumma.

Mace ba ta ratsa wannan wurin. Ko tallar fura ce sai dai ta tsaya daga nesa a aika. Hafiza ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta ratsa tsakiyar maza, har tana tuntuɓe da gefen tabarma. Ta durƙusa gaban Maigari ta ce ranka ya daɗe.

Kamalu ya taso. Tun rasuwar Fatihu bai yi barcin kirki ba, idonsa ya faɗa, muryarsa ta dushe. Ya ce mata ta tashi ta koma gida tun bai ɓata mata rai gaban mutane ba.

Ta ce tambaya ɗaya ta kawo, in an amsa za ta tafi. Maigari, wanda dama neman abin da zai ja lokaci yake, ya ce a bar ta.

Ta juya wajen Anas, ɗaya daga cikin waɗanda suka kamo Illo.

"Sa'ad da kun ka gan shi, gaba yake ko baya?"

Anas ya ce bai gane ba.

"Shanun. Yana bayansu yana kora, ko yana gaba suna bin shi?"

Anas ya dubi Kamalu, ya dubi ƙasa. Ya ce gaba yake. Sanda na kan kafaɗa, ya rataya hannuwa, yana tafe yana kiransu da sunayensu. Da ta tambaye shi ina suka dosa, ya ce gari. Hanyar Turba suka biyo, fuskarsu na gari.

Wuri ya ɗauki gunaguni. Tsoho Hussaini, wanda ya yi kiwo tun kafin a haifi rabin mutanen wurin, ya gyara zama ya ce yarinyar nan ta yi tambaya. Shanun sata daga baya ake kora su, da duka da ihu, don ba su san ka ba. Wanda shanu ke bi a baya da kansu, mai su ne ko mai kiwonsu. Kuma shi dai tunda yake bai taɓa jin ɓarawon da ya saci saniya ya nufo ƙofar mai ita da rana tsaka ba. Ya ce su da suke 'ya'yan manoma sun ga Bafillace, sun ga shanu, sun ga daji, shi ke nan suka haɗa.

Ni dai na so a ce nan magana ta ƙare. Ina!

Kamalu ya daka tsawa aka yi tsit. Ya ce wannan duk wayo ne. An ba shi goma sha huɗu ya kawo don a yarda da shi, ya ci gaba da zama cikinmu yana kai rahoto. Ya ce shi ba shanu suka dame shi ba.

"Ina yake sa'ad da an ka harbe Fatihu? Tun jiya muke tambayarshi. Mun buga, mun lallasa, ya ƙi hwaɗi. Mai gaskiya mi zai hana shi hwaɗin inda yake?"

Sai lokacin Hafiza ta gane. Duk dukan nan da ya sha, kalma ɗaya ce za ta tsayar da shi, kuma kalmar sunanta ce.

Ta duba cikin taro. Ga Nura can jikin bango, ya kafe ta da ido. Ga ƙanen babansa. Ga limami. Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya na sha ruwa.

Ta miƙe daga durƙuson.

"Yaya, ni na san inda yake. Yana tare da ni."

Ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta faɗi nono, ta faɗi babura, ta faɗi rami da karan dawa. Ta faɗi yadda ya kwanta cikin geza yana kallo aka kore shanu saboda ita. Ta faɗi bukka, ta faɗi inda ya zauna, ta faɗi rakiyar safe. Muryarta na karyewa tana ɗaurawa. Ba ta rage ko ɗaya ba, har da wanda ta san shi za a riƙa maimaitawa a bakin famfo shekara goma.



Da ta kai aya, Nura ne ya fara magana, a hankali, kamar mai ciwon haƙori.

"Kin ce mini kwari kin ka kwana."

"Ƙarya na yi maka, Malam. Tsoro na ji."

Ƙanen baban Nura ya tofar da yawu ya ce ai ga irinta nan, gidansu ba a taɓa jawo musu abin kunya irin wannan ba. Wani daga baya ya ce a bincike ta ita ma, wa ya sani ko tare suke. Nura ya cire hula ya riƙe, ya zauna a ƙasa inda ba tabarma.

Kamalu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa. Na rantse a lokacin so yake ya yarda, ana gani a fuskarsa. Hannun da ke riƙe da bindiga ya saki, bakin bindigar ya dubi ƙasa. Ya taka har gindin durumi ya tsuguna daidai fuskar Illo.

"Kai Illo. Kalma guda. Gaskiya ta hwaɗi?"

Illo ya ɗago da ƙyar. Da idon nan ɗaya ya dubi Nura da ke zaune cikin ƙasa. Ya dubi mai tofar da yawu. Ya dubi matasan da suka fara matsowa wajen Hafiza. Ita kaɗai ce bai duba ba.

"Ɗiyar Abu tausayina take ji, Allah shi saka mata da alheri. Amma ba ta kwana rugata ba. Ban gan ta ba ranar nan."

Innalillahi.

Hafiza ta dubi Illo. Ta zubar da aurenta, ta zubar da sunanta gaban gari guda, mutumin nan kuma ya tattara ya mayar mata. Ya auna ransa da mutuncin ɗiyar amininsa, ya zaɓi ya mutu.

Kamalu ya miƙe, fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce kowa ya ji da kunnensa, ba sauran abin jira. Ya ce a kwance shi a tafi.

Anas bai motsa ba. Wasu biyu suka nufi durumin.

Hafiza ta riga su. Ta yar da takalman, ta tsaya tsakaninsu da Illo, ta fuskanci Maigari.

"Ranka ya daɗe, a ɗauko Alƙur'ani. Da ni da shi, guda na ƙarya. Za ni dahwa, shi ma shi dahwa. Ba mai taɓa shi sai an san ko wane ne."

Limami ya miƙe zai ɗauko Alƙur'anin.

Illo ya runtse idonsa.